Hula a Kan Kyamara

Ranar Asabar da hantsi, hadari na haɗuwa ta wajen Mada, Hajiya Zulai ta buɗe ɗakin ajiyar mijinta, marigayi Malam Abdullahi, a Gusau, ta tarar babu buhun irin gero. Kakan Malam ne ya taho da irin daga 'Yankuzo, kuma wannan buhun kaɗai ya rage. Ga damina a bakin ƙofa.

Sufeto Mahadi, mutumin da ke bincike kamar mai jin barci, ya daɗe yana kallon tsohuwar kyamarar da ke saman ƙofar.

"Wannan fa?"

"Ta mutu," in ji Hajiya. "Bashar, ɗan ƙanen Malam, mai gyaran waya a Bungudu, shi ya gwada ta a sabuwar kwamfuta. Allo baƙi ƙirin. Ya ce ta bi mai ita."

Manu maigadi ya ce jiya yana masallacin Juma'a, liman ma shaida ne. Rut, maƙwabciyar da ke ajiye makulli, ta wuni a asibiti wajen awo. Dukansu sun rantse kyamarar ado ce kawai.

Mahadi ya taka kujera ya taɓa ta. Da ɗuminta. A jikin ƙarfenta kuma wani koren zare ya maƙale.

Ya sa aka ɗauko tsohuwar kwamfutar Malam daga wajen 'yarsa a Tsafe, aka kira Bashar. Da aka buɗe tsohuwar burauzar da ke ciki, wato manhajar shiga intanet, hotuna suka fara fitowa a hankali, dishi-dishi. Ga Malam da ransa, yana ɗibar geron yana bari ya zuba ta tsakanin yatsunsa. Hajiya ta dafe ƙirji.

Sai hoton jiya. Hannu ya miƙo, duhu ya rufe, haske na ratsowa ta ƙananan huji kamar taurari.

"Cikin hula ke nan," in ji Mahadi. "Sabuwar burauza ce ba ta iya nuna tsohuwar kyamara, ita kuwa tana nan tana ɗauka. Kowa ya yarda ta mutu, kuma ba a ɓuya wa matacce. Wanda ya rufe ta ya san tana gani. Bashar, miƙo hularka."

Koriya ce, zare ya zare a gefe.

"Irin kakanmu ne," in ji Bashar, kansa a ƙasa. "Na ji tsoron a kai shi wani gida. Yana Bungudu, ban taɓa ba."

"Da ka roƙa, ɗana, ai da kai za ka shuka shi," in ji Hajiya.

Yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Ta matso kusa da allon.

"Sufeto, mayar mini baya. Wurin da yake zuba geron."