Shayin da Ya Kwantar da Abba

"Jinin ya ƙi tsayawa!"

Da Umma ta faɗi haka, Auta ta juya ga ƙofar ɗakin. Ta dafa bangon asibitin. A bayan ƙofar nan Abba ne kwance, mahaifin saurayinta Injiniya, wanda saura wata ɗaya a ɗaura musu aure. Tun hantsi hancin tsohon ke zubar da jini kamar an kunna famfo.

Dama Umma, mahaifiyar Injiniya, ba ta taɓa son auren nan ba. 'Yar ƙanwarta ta so ɗanta ya aura, ga ta nan a gefe tana ƙas-ƙas da cingam.

"Umma, ni fa na sha faɗa. Kullum fulas, kullum fulas... wa ya san abin da ake barbaɗawa a ciki?"

Auta ta sunkuyar da kai.

Wata biyu ke nan tana aika wa Abba shayin safe a fulas. Ta karanta cewa citta da kirfa da kurkur suna ƙara lafiya, sai ta riƙa sa rabin cokali. Ranar da ya yaba, daɗi ya kwashe ta, rabin cokali ya koma uku. Neman shiga ne kawai, baiwar Allah.

Likita ya fito da sauri, fuskarsa ba annuri.

"Yana kan maganin tsinka jini saboda zuciyarsa. Akwai abin da yake sha ban da shi? Na gargajiya, ko kayan ƙamshi da yawa? Ku gaya mini yanzu!"

Auta ta dubi Umma da mai cingam.

In ta yi magana, ta ba su wuƙa da nama, aure ya tafi. In ta yi shiru... tsoro ya hana ta ƙarasa tunanin.

"Autata, lafiya?" Injiniya ya raɗa mata. "Kin jiƙe da gumi."

"Ka yafe mini, rabin raina..."

Ta tako gaba, hawaye na zuba.

"Ni ce, Likita! Citta, kirfa, kurkur, cokali uku kowace safiya. Wallahi lafiyarsa nake nema, ban san da maganin ba!"

"Kun ji ko!" in ji mai cingam, har da tafa hannu.

"Sau ɗaya a rana?" Likita ya tambaya.

"Sau biyu..."

Kowa ya waiwaya. Umma ce, kanta a ƙasa.

"Na yamma ni nake yi. Shekara talatin da biyar ina dafa masa shayi bai taɓa yabawa ba, sai na yarinyar nan. Na ce ba za ta fi ni ba. Ni... huɗu nake sawa."

Likita ya juya ciki a guje.

Awa biyu suka yi a kan benci ɗaya, ba mai iya kallon wani. Duk ƙofar da ta motsa, sai Auta ta miƙe zumbur. Mai cingam kuwa ta sulale, ko sallama babu.

Ana kiran la'asar Likita ya leƙo.

"Ya tsaya. Kun taimake ni da kuka faɗa. Nan gaba a tambaye mu kafin a ƙara masa komai."

Auta ta fashe da kuka. Sai ta ji hannun Umma ya kama nata, mai sanyi.

"Ke kika fara faɗa," in ji Umma. "Ni da na haife ki, na yi shiru ina tsoron kunya."

Ta dubi ɗanta.

"Me kake kallo? Je ka samo wa 'yata ruwa. Ruwa zalla fa, kada a sa komai!"