Shirin Da Tasi'u Ya Sa A Lamba Ɗaya

Bayan la'asar ne, tsakar gidan Malam Labaran a Wudil ya kaure da musu. Shekara ta zo ƙarshe, kowa yana faɗin shirin talabijin da ya fi burge shi. Rahinatu, 'yar mai gidan, tana tsince shinkafa, Gwaggo Talatu, ƙanwar babanta, tana kan tabarma, shi kuwa Yaya Haladu ya kafe cewa "Falon Hajiya Turai" ne lamba wan, wanda bai yarda ba ya je asibiti a duba shi.

"Kai! Tsaya, tsaya!" Haladu ya ɗaga waya yana ƙyaƙyata dariya. "Rahinatu, ga angonki ya saka nasa jerin a sitatus. Guda goma cur! Kin san wanda ya sa a ƙarshe? 'Falon Hajiya Turai'! Na ɗaya kuma wai 'Masunta Biyu', shirin nan da ake wuni ana faɗawa ruwa, ba magana ba labari!"

"Ƙarya ne, Yaya, mu gani!"

Ba ƙarya ba ne. Ƙarƙashin kowane shiri Tasi'u ya rubuta dalili. Na ƙarshen ya ce: suna zaune wuri ɗaya, baki kawai ke motsi. Na ɗayan kuma: ko ba a faɗa maka komai ba za ka gane.

Ashe Malam Labaran yana bakin ƙofa yana saurare.

"Haladu, kowane shiri kashi nawa ne?"

"Wasu arba'in, wasu hamsin, Baba."

"Har goma, kuma duk ya kalle su." Ya gyara hula. "Mutumin da zai riƙe iyali ke nan? Talatu, a aika wa iyayen yaron nan a Dagumawa, sa ranar da aka shirya a dakata."

Tiren shinkafar ya suɓuce daga hannun Rahinatu. Ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Shekara biyu suna tare, kayan sa rana sun kammala, a ce jerin wasan kwaikwayo ne zai rushe komai?

Amma Rahinatu irin mutanen nan ce da ko tana kuka kanta bai daina tambaya ba. Tasi'un da ta sani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a jami'a, ko sunan jaruman bai iya riƙewa. Yaushe ya zama mayen kallo? Kuma wane irin mutum ne zai tsani shiri don ana magana a cikinsa?

Da ya zo zance ranar Laraba, ko gaisuwar kirki ba ta bari sun gama ba.

"Malam, jerin nan na waye?"

Ya sunkuyar da kai. "Sori, Rahina. Ban zaci zai kai ga Baba ba."

"Ba sori na tambaya ba. Na waye?"

Ya daɗe yana murza makullin babur kafin ya ce, "Na Khaulat ne, ƙanwata. Na ce miki tana gida wurin Inna, amma ban faɗa miki ba ta ji ba. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana shekara shida. Kallo ne kaɗai abin da ke sa ta dariya, ni kuma nake zama gefen talabijin ina mayar mata da maganar da hannu. Ita ta jera su, ni na rubuta."

"Shekara biyu kana ɓoye mini?"

"Na taɓa neman aure kafin ke. Ranar da suka ji, suka dawo mini da kayana. Tsoro na ji, wallahi."

Haushi ya kama ta, tausayi ma ya kama ta. Ta ce masa ɓoyon ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma yau ɗin nan za ta faɗa a gida, ko me zai faru.

Abin da ya ji tsoro kuwa shi ya faru. Da ta faɗa a gaban babanta, Gwaggo Talatu ta dafe ƙirji.

"Kurma? La'ilaha illallahu! Wane sanƙarau? Haka suke cewa duk! A jini yake, Yaya. So kake a cika maka gida da jikokin da ba sa amsa sallama?"

"Gwaggo, ciwo ne, kowa zai iya..."

"Rufe mini baki, marar kunya!"

Sati uku maganar tana rataye. Rahinatu ba ta yi bore ba, ba ta daina girki ba, ta kuma hana Tasi'u zuwa har sai Baba ya yanke hukunci. Sau ɗaya ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, duk abin da ka yanke na bi. Roƙona ɗaya, ka gani da idonka kafin ka yanke."

Ranar Asabar da yamma Malam Labaran ya sa Haladu ya goya shi a babur zuwa Dagumawa, ba tare da aike ba. Mahaifiyar Tasi'u ta rikice da ganin baƙi, ta yi musu iso. A rumfar tsakar gida suka tarar da ƙaramar talabijin mai aiki da sola, ga budurwa zaune ta zuba ido. Tasi'u yana tsaye gefen akwatin, gumi ya jiƙe masa riga, hannuwansa ba sa hutawa. In hajiyar cikin shirin ta yi faɗa sai ya kumbura kumatu, in 'yar aikinta ta yi kuka sai ya ja yatsu daga ido zuwa haɓa. Khaulat tana kallon fuskarsa fiye da talabijin ɗin.

Da ya hango su ya daskare. Khaulat ta ja masa riga, ita a ci gaba.

"Ci gaba," in ji Malam Labaran. "Kada ka katse mata."

Ya zauna har shirin ya ƙare.

"Kullum haka kake yi?"

"In na taso daga aiki, Baba. Shekara goma sha uku ke nan."

"Ɓoyon da ka yi kuskure ne, kada ka sake. Ƙanwarka ba abin kunya ba ce." Ya juya wurin uwar. "Hajiya, ku turo manya ranar Juma'a."

Khaulat ta dubi wannan ta dubi wancan, ta taɓa yayanta tana tambayar me aka ce. Tasi'u ya ɗaga hannu zai faɗa mata, sai hawaye suka zubo masa. Karon farko ke nan da ya kasa fassara mata magana. Sai dattijon ya matso da kansa, ya nuna Tasi'u, ya nuna hanyar Wudil, ya haɗa tafukansa biyu wuri ɗaya. Ta gane nan take, ta rufe baki tana dariya.

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure, Gwaggo Talatu ce ma ta riƙe hannun Khaulat a wurin kamu. 'Yan uwana matasa, kada ku yanke wa mutum hukunci da abin da kuka gani a waya, kada ku ɓoye naku don tsoron baki. Rahinatu ta yi biyayya, ta faɗi gaskiya, ta yi haƙuri, Allah kuwa ya ba ta mijin da ya san riƙon amana.