Tsummoki Bakwai a Falon Ɗan Majalisa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ita ce ƙarama a gidansu. Kowa Auta yake kiranta.

Babanta manomi ne tun yana yaro. Shekara talatin ya yi yana noman masara. Da lokacin zaɓe ya zo, manoman yankin suka ce shi za su tura majalisar jiha.

"Ni da ban iya dogon jawabi ba?" in ji shi.

"Ai ba jawabi muke so ba," suka ce. "Wanda ya san ciwonmu muke so."

Haka ya ci zaɓe, iyalinsa suka koma birni. To, Baba dai bai canza ba, amma Auta ta fara hura hanci. Idan aka tambaye ta aikin babanta, sai ta ce, "Ɗan majalisa ne." Kalmar manomi kuwa ba ta ƙara fita daga bakinta ba.

Wata rana ta gayyaci ƙawayenta su zo ganin gidansu ranar Asabar. Ana jajibirin zuwansu, ta dawo daga makaranta ta shiga gyaran falo. Ta share, ta goge, ta jera kujeru.

Sai idonta ya kai kan tebur. Ga wasu tsummoki guda bakwai, kowanne an ƙulle wani abu a ciki. Wani ja, wani baƙi, wani ma ba a gane launinsa don datti.

"Tsumma a falon ɗan majalisa?" ta ce. "Allah ya kiyaye!"

Ta kwance ɗaya, ta ga masara. Ta kwance na biyu, masara. Duk bakwai ɗin masara ce. Sai ta ɗauko kwalba mai kyau, ta juye su duka a ciki, ta girgiza. Tsummokin kuma ta kai bayan gida inda ake ƙona shara, ta jefa a wuta.

Ta dawo tana jiran yabo.

Da la'asar Baba ya shigo. Ya dubi tebur, ya dubi kwalba. Jakar hannunsa ta faɗi ƙasa. Ya tsaya cak kamar an dasa shi.

"Ina ƙullin da na ajiye a nan?"

"Na gyara maka, Baba," in ji Auta. "Ga shi duk a wuri ɗaya."

"Kin haɗa su? Tsummokin fa?"

"Na ƙona."

Mama ta fito daga kicin da gudu. Da ta ji abin da ya faru, ta dafe ƙirji tana salati. Auta ba ta taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

"Baba, ai duk masara ce," ta ce a hankali.

"Ke da 'yan ajinku ai duk yara ne," ya ce. "Amma kowa da sunansa, ko ba haka ba?"

Ya zauna, ya yi mata bayani. Bara manoma da yawa sun shuka iri bai tsiro ba. Gidaje sun kwana da yunwa. Ƙauyuka bakwai suka ba shi ragowar irin da suka shuka. Wasu nasu na gida ne, wasu kuma daga wani kamfani aka kawo musu. Da launin tsumma yake gane na kowane ƙauye.

"Ranar Alhamis majalisa za ta yanke shawara," ya ce. "Ana so a sake sayen iri a wurin kamfanin nan. Na yi niyyar in shuka kowanne a gwangwani, in nuna musu wanda ya mutu. Yanzu me zan nuna? In aka sake raba mataccen iri, wata shekarar ma babu girbi."

Auta ta dubi kwalbar. Ashe abincin ƙauye bakwai ta girgiza a kwalba!

"Me ya hana ki tambaya?" in ji Mama.

Auta ta sunkuyar da kai. "Kunya na ji. Kada ƙawayena su ga tsumma a gidanmu."

Wannan maganar ta fi ƙona tsummokin yi wa Baba ciwo. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa mai kanta.

"Masu tsumman nan su suka aike ni," ya ce. "Gobe babu zuwan ƙawaye. Tare za mu tafi, ki faɗa musu da bakinki."

Da sassafe suka kama hanya. A ƙauye na farko, Auta ta durƙusa gaban dattawa ta faɗi laifinta. Wani tsoho ya riƙe baki.

"Kin ƙona? Kai, yaran birni!"

Amma ya shiga gida ya ɗebo wani. Auta ta ƙulle a takarda, ta rubuta sunan ƙauyen a jiki. Haka suka yi ta bi, ƙauye bayan ƙauye, rana na dukansu.

A ƙauye na bakwai suka sami wata tsohuwa, wadda ta ba da ƙullin jan tsumma. Da ta ji labari, ta dubi Auta.

"'Yar nan, ai shi ke nan ragowar," ta ce. "Duk na ba babanki."

Auta ta fashe da kuka. Tsohuwa ta jawo tsohon buhu daga ƙarƙashin gado. Ta juya cikinsa waje, tana bin ɗinkin da yatsa. Ƙwaya ɗaya ta faɗo, sai wata, sai wata. Da ƙyar aka sami tara.

"Share hawayenki," ta ce. "Kin ga babanki? Shekarar da na yi ciwon ƙafa, shi ya nome min gona kafin ya taɓa tasa. Tun ba shi da babbar riga muka san shi."

Auta ta juya ta dubi Baba. Yana tsugune a ƙofar ɗaki, yana gyara wa tsohuwa ƙotar fartanya. Kunya ta kama ta, amma ba irin ta jiya ba.

Kafin rana ta faɗi sun dawo gida. Suka cika gwangwani bakwai da ƙasa iri ɗaya. Baba ya nuna mata zurfin da ake binne iri. Ita ta shuka, ita ta manna suna a jikin kowanne. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta ba su ruwa.

Kwana ɗaya, babu komai. Kwana uku, babu komai. Auta har abinci ya daina shiga mata.

Ranar Laraba da safe ta ƙwala kira. "Baba! Mama! Ku zo ku gani!"

Gwangwani uku sun yi kore shar. Huɗu kuwa ƙasa ce zalla, har da na tsohuwa. Kuma duk huɗun daga kamfanin nan suka fito.

Baba ya roƙi Malamar ajinsu Auta ta ba ta izinin rana ɗaya. Ranar Alhamis ta zauna a wurin baƙi, can sama a zauren majalisa. Da Baba ya shigo da gwangwanaye a faranti, wasu suka kwashe da dariya.

"Yau kuma lambu aka kawo mana?" in ji wani.

Baba ya jera su a kan tebur, ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Ban iya dogon jawabi ba," ya ce. "Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya aka shuka su. Ku duba da idonku."

Dariya ta ɗauke. Shugaban majalisa ya taso da kansa, ya tona gwangwanin tsohuwa da yatsa. Ƙwayoyin duk sun ruɓe.

A ranar majalisa ta hana sayen irin. Aka kuma kafa doka cewa kowane iri sai an gwada shi kafin a raba wa manoma.

A hanyar gida Auta ta ce, "Baba, ka yafe min."

"Na yafe. Me kika koya?"

"In tambaya kafin in taɓa abin da ba nawa ba. Kuma kada in raina abu don ya tsufa ko ya yi datti."

"Matambayi ba ya ɓata," in ji Baba. "Saura ɗaya."

Auta ta gane, amma ta ajiye amsar.

Washegari Malama ta ce kowa ya faɗi aikin babansa. Da aka zo kan Auta, ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya yadda na bayan aji ma za su ji.

"Babana manomi ne," ta ce. "Manoma ne suka aike shi majalisa."