Muryar Hajaratu a Zauren Kansiloli

Duk wanda ya san unguwar Yelwa ta Mubi kafin gudun hijira ya san Ya'akubu mai lasifika. Biki ne, suna ne, taron coci ko na masallaci, ga shi nan da tsoffin akwatunansa a bayan keke. Da 'yan bindiga suka shiga Mubi aka watse, ya dawo ya tarar ko guntun waya ba a bar masa ba. Tun daga nan ya kasa zama wuri ɗaya, sai zirga-zirga kamar kazar da ƙwai ya matsa.

Ana nan sai labari ya ɓulla cewa ƙaramar hukuma za ta gyara zauren taronta, a sa sababbin lasifika da kyamara, a riƙa watsa zaman kansiloli kai tsaye, don masu gudun hijira a Yola da Kamaru su gani a wayoyinsu. Manyan kamfanoni suka nema. Ina Ya'akubu ina su? Matarsa Hajaratu ta ce ya roƙi ko aikin jan waya a ƙarƙashinsu, a ci tuwo da rufin asiri. Ya ce shi ya gaji da zama yaron wani. To, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ya hau mashin ya nufi wajen Belel, ya ƙetare mayo, wato rafi, da ƙafa, ya hau dutse zuwa kogon wani boka da ake kira Gabdo. Rana na tsaka, amma kogon duhu ne da sanyi, ga ƙaurin ƙonannen gashi. A tsakiya an girke baƙar tukunya, an naɗe wuyanta da jan ƙyalle da jeren farin wuri. Abin da ya tayar masa da tsigar jiki shi ne tukunyar tana gunaguni, kamar mutane na hira a bayan bango.

Gabdo ya karɓi makirfon da Ya'akubu ya zo da shi, ya cusa kan makirfon a tukunyar, ya zaro shi a jiƙe. Ya'akubu ya tambayi abin biya, rago ne ko sa.

Bokan ya ce, "Ba na son nama. Kafin kowane zama kuna gwada abin nan, ko? To, mai gwadawa ya zama mutumin gidanka."

"Murya kawai?"

"Murya kawai. Taka ma ta yi."

Har dariya ya riƙa yi a hanya, wawa, wai ya sami banza.

Kwangila ta faɗo hannunsa, kamfanonin nan suna kallo. Ya sa rufin kwano sabo, ya sayi mota, ƙananan hukumomin maƙwabta suka fara nemansa. A zaman farko ƙaninsa Maharazu ne ya ɗaga makirfon ya ce, "Ana jina?" Sauti ya fita tas har titi. Washegari Maharazu ya tashi ba baki, bai ga Juma'a ba. A zama na biyu kawunsa da ke zaune a gidansa ne ya gwada, shi ma aka kai shi makwanci. Nan Ya'akubu ya gane, tsoro ya kama shi, barci ya ƙaurace masa. Ya sa masinja ya gwada, lasifika ta yi gum kamar dutse.

Ranar zaman kasafin kuɗi ta zo, zaure ya fara cika. Ya'akubu ya kai makirfon bakinsa, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Sai ga Hajaratu ta shigo da kwanon karin kumallo, don ta ga ya fita bai ci komai ba. Wallahi ya san abin da yake yi. Ya miƙa mata, ya ce ta ɗan yi magana ya ji ko ta kama.

Ta rufe baki da mayafi don kunya. "Me zan ce, maigida? Ka ci abincinka kada ya huce."

Abin da aka ji daga bakinta na ƙarshe ke nan. Kafin mako ya zago an binne ta.

A zama na gaba babu sauran kowa a gidansa, shi kuma bai yarda ya buɗe nasa bakin ba. Ya kunna kayan haka nan. Ciyaman na miƙewa zai yi jawabi, sai muryar Hajaratu ta cika zauren, tana cewa maigida ya ci abincinsa kada ya huce. Mutanen Yola da ke kallo a waya sun ji ta. Aka zare wayoyi, aka kashe janareto, muryar ba ta daina ba. Kansiloli suka yi ta kansu, har da masu fita ta taga, aka bar Ya'akubu durƙushe yana toshe kunnuwa.

Mota ta tafi, gida ya zama kango. Yau yana nan bakin titin Yelwa, da tsumma a kunnuwansa, ba ya zama ba ya kwanciya. In mai tausayi ya miƙa masa abinci, sai ya kurma ihu ya ruga.

Ku masu gaggawar arziki, ku ji da kyau: boka ba ya ba da kyauta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma waɗanda ke dafa maka tuwo su yake fara ci.