Saƙon Da Sharifa Ba Ta Iya Buɗewa

"Ki buɗe saƙonninshi mana! Ba ke kika gina abin ba?"

Hajaratu ce, ɗiyar baffanta, tsaye a kanta tana miƙo mata salula. Sharifa ta ɗago daga kan ordinatar, wato kwamfutarta, ta dubi hoton da ke ciki. Rissa ne, saurayinta, da shuɗin rawaninsa, zaune kusa da wata mace, sun haɗa kai kan waya ɗaya.

"A garin Barmu aka gan su. Kuma ba yau farau ba."

Sharifa ta sake duban hoton.

Aiki ne ya haɗa ta da Rissa. Manhajar aika saƙo ce da 'yan sa kai daga ƙasashe da dama ke ginawa kyauta. Kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, amma saƙo in ya tashi, ba mai jin sa sai wanda aka aika wa. Ita ta gyara saƙon murya yadda zai wuce ko rezo, wato layin sadarwa, ya yi rauni. Shi ya mayar da ita harshen Tamashek, yana bin ƙauyukan Adar yana koya wa mutane.

"Ba ni da mabuɗi, Hajara," ta ce a hankali. "Ba wanda ke da shi. Haka muka yi ta."

Hajaratu ta daɗe da sa ido kan Rissa. Kafin la'asar hoton ya kai hannun Baba Idrisa, mahaifin Sharifa.

"Tun farko na faɗa," in ji Baba. "Mai gaskiya mi zai ɓoye? Ku da sana'arku ta rufa-rufa. Kar ya ƙara taka mini ƙofar gida."

Sharifa ta shige ɗaki ta kira Rissa.

"Rissa... wace ce?"

"Sanyin idona, wallahi babu kowa sai ke. Amma maganar ba tawa ba ce. Bari in nemi izininta."

"Har ni za ka ɓoye wa?"

"In na saki amanar wata saboda ke, gobe da wane ido za ki ba ni taki?"

Ta yi kukanta ta share hawaye. Ta zaɓi ta jira.

Ranar kasuwar Tawa sai ga matar da kanta, Rissa na biye. Salamatu sunanta, ungozoma ce a Barmu. Ta durƙusa a zaure ta gaida Baba.

"Baba, mata ke aiko mini da murya. Mai ɓari, mai neman haihuwa, mai ciwon da ba ya faɗuwa. Bara saƙon wata ya fita, har bakin rijiya aka saurare shi ana dariya. Daga ranar suka daina nemana. Wannan bawan Allah ya sa muna manhajarsu, ni na roƙe shi ya yi shiru har matan su saki jiki."

Baba ya ajiye tasbaharsa.

"Marigayiya uwar Sharifa ta sha irin wannan kafin Allah ya ba mu ita," ya ce. "Ba wanda ya taɓa ji a bakina." Ya dubi Rissa. "Ashe sutura kuke ɗinkawa. Turo magabatanka."

Bayan labule, Sharifa ta toshe baki, dariya da hawaye suka haɗu.

Da kaka aka ɗaura aure. Hajaratu ta zo kai a ƙasa, Sharifa ta jawo ta ta miƙa mata ƙafa ta sa mata lalle. Abokan aikin da ba su taɓa ganin fuskarsu ba suka yi ta aiko da gaisuwa, wasu har da gurguwar Hausa.

Washegari da hantsi Rissa na dafa shayi, salularsa ta yi ƙara. Ya duba ya yi murmushi.

"Amarya, wani can ƙetare ya ce ya ga kuskure a aikinki."

Sharifa ta karɓe wayar ta kife ta a kan tabarma.

"Ya jira, angona. Zuba mini na farko."