Shinkafar Suna a Bayan Kujera

Safiyar Asabar aka kira Sufeto Kambai: wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu ya faɗi a gona, minti guda bayan tashinsa daga bayan garin Manchester. Matuƙin, Ishaq, bai kai asibiti ba. Birmingham za shi, bikin sunan ɗan da ƙanwarsa Yusra ta haifa.

Cikin tarkacen, Kambai ya ga shinkafa ta watsu ko'ina. Buhu uku, an lulluɓe da bargo a bayan kujera.

"Nauyi ya rinjaya baya, hancin jirgin ya ɗaga," in ji injiniyan kulob ɗin matuƙa jirgi da Ishaq ke ciki. "Amma yaron nan ko jakarsa sai ya auna."

A unguwar Levenshulme da ke Manchester, mahaifiyar Ishaq, Sabuwa, ta riƙe hannun Sufeto.

"Ana cewa ganganci ya yi. Ɗana ba ya ganganci. Ka wanke min shi."

Kambai ya juya ga ƙanenta Gimba. "Ka raka shi filin jirgi?"

"Ni? Ina wurin aiki, night shift na sauko."

Amsar ta zo da sauri fiye da kima. Kambai ya kama hanyar Sparkbrook, unguwar su Yusra a Birmingham.

Yusra na rungume da jariri, idonta jawur. "Kawu Gimba ya yi min waya da safe. Ya ce kada in je shop, shinkafa na tafe da Yaya Ishaq."

Da Kambai ya dawo, bai ɗaga murya ba. Wayar Yusra kawai ya ajiye a gaban Gimba, Sabuwa na zaune a gefe.

Gimba ya daɗe yana kallon ta, sannan ya rushe da kuka.

"Na roƙe shi ya tafi da shinkafar, ya ƙi. Ya ce, 'Kawu, it's too heavy.' Na ji haushi. Wane ɗa ne ke ƙin saƙon kawunsa? Da ya shiga ofis sa hannu, na sa buhunan a jirgin na rufe. Jirgi fa, Yaya! Na ɗauka kamar but ɗin mota ne."

Sabuwa ba ta dube shi ba. "Ɗana ya ce a'a," ta ce a hankali. "Alhamdu lillahi, ya ce a'a."

Kambai ya tsani wannan ɓangaren aikin. Ya kama hannun Gimba zuwa mota.

A ƙofa Gimba ya tsaya. "Sufeto, an raɗa wa jaririn suna?"

"An raɗa."

"Wa aka sa masa?"

Kambai ya buɗe masa ƙofar baya. "Ishaq."