Izinin Bene Mai Hawa Huɗu

Akwai wani ɗan kwangila da har yau ba ya iya haɗa ido da mahaifiyarsa.

Sau uku ofishin ba da izinin gini yana dawo masa da takardunsa. Filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, gwajin ƙasa ya nuna hawa ɗaya kawai zai ɗauka. Shi kuwa huɗu yake so, don idonsa ya riga ya rufe.

Da rana tsaka ya kwashi takardun sai wurin boka. Ɗakin ba taga. Baƙaƙen tukwane ne jere, an ɗaure bakunansu da jan ƙyalle, ƙudaje na bin wani ƙaho da jini ya bushe a kansa. Boka ya dangwala yatsa a gurbin sunan mai gini.

"Ƙasar za ta riƙe benen, amma za ta riƙe mai sunan da ke nan."

"In kawo mata bijimi mana, ko biyu ne."

"Ba ta cin dabba. Naka, ko na jininka."

Kada wani ya ce maka bai gane ba, ya gane sarai. Sunan ƙanensa birkila ya rubuta.

"Yaya, ni ne mai bene?" in ji ƙanen, har da ƙwallar murna.

Kwana biyu aka buga hatimi. Bene ya tashi, kwangila ta dinga zuwa kamar ruwan famfo. Ranar da aka gama hawa na huɗu aka tsinci ƙanen a gindin gini, ba rauni, bakinsa cike da laka. Takarda ta koma sunan babban ɗan ƙanen, shi ma bai yi wata uku ba. Mahaifiyar ɗan kwangilan ta zauce, kullum tana tonon harsashin da farce tana kiran autanta.

Abin ya ci ransa. Ya koma ofishin yana roƙon a shafa wa benen jan fenti a rushe.

"Ranka ya daɗe, takardu sun cika, ba ma rushe gini mai izini," in ji ma'aikacin. "Yarinya ɗaya ta rage a magada. Ko a mayar da shi sunanka a matsayin waliyyinta?"

Ya karɓi biro yana kuka. Sunan yarinyar ya rubuta.

Yanzu motocin da ya tara sun tafi, gidan ya watse, shi kaɗai ke raye da hankalinsa. Ku ji tsoron kwaɗayi, jama'a. Wanda ya sayar da jininsa sau ɗaya zai sake.